Condicional a Sifaniyanci: yaya ake cewa "da na yi"?

Wai menene condicional ɗin nan?

Shi ne yadda ake faɗin abin da bai faru ba amma da zai faru in da hali ya yi. Mu ma muna da shi ai, "da ina da kuɗi da na sayi gida". Su sai su ce si tuviera dinero, compraría una casa. To wannan compraría ɗin shi ne.

Yaya ake haɗa shi?

Nan ne daɗin yake wallahi, a yawancin aikatau ba ka yanke komai daga jikinsa, ka ɗauko shi yadda yake a ƙamus, hablar (magana) ko comer (ci) ko vivir (rayuwa), sai ka liƙa masa -ía, -ías, -ía, -íamos, -íais, -ían. Shi ke nan fa, hablaría, comerías, viviríamos, duk rukunan nan 3 ƙarshensu ɗaya. Kar dai ka manta da alamar da ke kan í ɗin, nan ake ƙarfafa murya. Ni da shi ko ita duk hablaría ne, in akwai ruɗani ka sa yo, wato ni, a gaba. Shi -íais na vosotros ne, wato ku, a Sifaniya za ka ji shi, mutanen Mekziko da Kolombiya ustedes hablarían suke cewa.

Me ya sa nake rikita comía da comería?

Don ƙarshensu iri ɗaya ne, kuma gaskiya nan ɗalibai suka fi zamewa. Comía an cire -er, ma'anarsa ina ci a da. Comería kuwa comer ɗin na nan cikakke, da na ci. Ka kasa kunne ka ji r ɗin kawai.

Sai a maganar "da" kaɗai ake amfani da shi?

A'a. Ana neman abu cikin ladabi da shi, a gidan abinci me gustaría un café (zan so kofi) ya fi quiero un café (ina son kofi) laushi, haka ¿me ayudarías? ya fi ka ce wa mutum taimake ni kai tsaye. Akwai kuma ba da labarin alkawari, dijo que llamaría, ya ce zai kira.

Zan iya cewa si compraría?

Kar ka sa shi bayan si na sharaɗi, wato idan. Za ka ji wasu a arewacin Sifaniya wajen Bilbao suna faɗa, amma a jarrabawa malami zai soke maka shi. Si comprara ake cewa, condicional ɗin ya zo a ɗaya ɓangaren jimlar.