Lamba mara ma tana rabuwa daidai

An daɗe ana faɗa a zangunan Kumasi, daga Aboabo har kasuwar Kejetia, cewa babbar lamba in ta ƙare da 1, 3, 7 ko 9 ba ta rabuwa daidai, dole sai an bar saura. Maganar tana da tushe, domin lamba mara ba ta rabuwa gida biyu. Sai dai ƙarshen lamba yana nuna mana rabuwarta da 2, 5 ko 10 ne, ba ya yanke hukunci kan 3 ko 7.

A ce sidi 111,111 ne a asusun adashe. Mutum 3 kowa zai ɗauki 37,037. Mutum 7 kowa 15,873, mutum 13 kowa 8,547, ko kwabo ba ya saura. Dalili shi ne 7 sau 11 sau 13 ya ba da 1,001, kuma duk lamba mai gida uku da aka rubuta sau biyu a jere, kamar 253,253, ninkin 1,001 ce. Wannan abin yana burge ni ƙwarai.

Gwajin 3 ma ba ya buƙatar kalkuleta. Haɗa alkaluman lambar, in jimillar ta rabu da 3, ita ma za ta rabu.

Akwai dai waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin 10,007. Don tabbatarwa, raba ta da lambobi daga 2 zuwa 100 a wayarka. Nan za ka tsaya, tunda 101 sau 101 ya zarce ta.

Don Allah a tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙon kuɗin adashe da malaman makaranta.