Waiwaye: Abin da ya cinye daɗin waƙa tun kafin a fara gardamar MP3 da FLAC

Tun shekarar 2021, da Apple Music ya buɗe wa masu biyan kuɗin wata damar sauraron waƙa a tsarin da ba ya zubar da komai daga sauti, gardamar ingancin sauti ta sake tashi, har yau kuma ba ta lafa ba. Wasu na cewa MP3 ne ya ɓata kunnuwan mutane, duk mai son waƙa da gaske ya koma FLAC, irin fayil ɗin da ba ya zubar da komai, ko fayil mai bit 24, wanda ke rubuta sauti dalla-dalla fiye da CD. Wasu na cewa ruɗu ne kawai, in aka ɓoye wa mutum sunan fayil aka kunna masa biyun ba zai bambance ba. Masu situdiyo ma da tasu: rikoda mai layuka da yawa ta tef ce ke ba da sauti mai ɗumi, ko kuwa kwamfuta ta wadatar? Da yawa daga masu wannan muhawara suna ji a jikinsu cewa wani abu ya ɓace daga waƙoƙin da aka fitar tun tsakiyar shekarun 1990. Ni ma haka nake ji. Wurin da suke nemansa ne ban yarda da shi ba.

Farkon labarin sananne ne. Edison ya naɗi murya a 1877. Tef mai maganaɗisu ya bayyana a Jamus a 1935, ya isa Amurka bayan yaƙin duniya na biyu. A shekarun 1950 makaɗin jita Les Paul ya sa kamfanin Ampex ya ƙera masa rikoda mai layi 8, yadda kowane abin kiɗa zai samu layinsa a naɗe shi shi kaɗai. Kafin ƙarshen shekarun 1970 manyan situdiyo sun daidaita kan layi 24 a tef mai faɗin inci 2, a 1979 kuma Portastudio ta TEAC ta kawo layi 4 a kan kaset ga mai aiki a ɗakinsa. Faifan CD na Sony da Philips ya fito a 1982, yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a daƙiƙa guda, da zurfin bit 16. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi babban aikinsa, ya zama ƙa'ida a farkon shekarun 1990. A kilobit 128 a daƙiƙa yana rage fayil zuwa kusan kashi ɗaya cikin 11 na girman CD, ta hanyar zubar da sautukan da ake ganin kunne ba zai lura da su ba. FLAC ya zo a 2001, yana rage kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba.

Duk wannan gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Faifan garmaho yana da iyakar da ba a tsallake ta. Sauti a kansa zane ne da allura ke bi, kuma gwargwadon ƙarfin sauti gwargwadon karkacewar zanen. In aka cika ƙarfi, zanen zai ci wuri har mintocin da gefen faifai zai ɗauka su ragu, wani lokaci ma allurar ta yi tsalle ta fita. Saboda haka duk waƙar da za ta fita sai ta bi ta hannun injiniyan da ke yankan faifai, shi kuwa yana da hujjar cewa a'a, hujjar da babu mai musa ta. An yi gasar ƙarfin sauti a zamanin garmaho, musamman a ƙananan faifai masu juyi 45 a minti, sai dai faifan da kansa yakan taka mata birki. Tef ma da nasa halin: in aka tura masa sauti fiye da kima yakan lanƙwasa ƙololuwar a hankali, wannan lanƙwasar ce tushen ɗumin da ake yabo.

CD ya zo da wata iyaka dabam. Yana da rufi guda, lamba mafi girma da bit 16 za su iya rubutawa, duk abin da ya wuce nan sai a datse shi, ya fito da ƙara mai karce kunne. Ƙarƙashin rufin nan akwai fili mai faɗin kusan desibel 96 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), wanda garmaho da kaset ba su taɓa kusantarsa ba. A shekarun farko injiniyoyi suna barin bugun ganga mafi ƙarfi ne kaɗai ya kusanci rufin, sauran waƙar tana ƙasa da sarari isasshe. Shi ya sa faifan CD na shekarun 1980 kan sa mutum ya ƙara murya, amma in gangar ta buga sai ya ji ta a ƙirji.

Sai farkon shekarun 1990, lokacin da abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, naɗar dijital mai layuka da yawa ta yi araha. A 1992 rikodar dijital mai suna ADAT ta shiga kasuwa, tana naɗar layi 8 a kan kaset ɗin bidiyo na S-VHS, ana kuma iya haɗa har guda 16 a samu layi 128. A lokacin ne kuma manhajojin naɗa da haɗa sauti a kwamfuta suka fara kafuwa. Alheri ne babba, mawaƙan da ba za su taɓa iya biyan kuɗin babban situdiyo ba sun samu hanya. Sai dai tun daga nan sauti ya zama lambobi daga makirfo har faifai, lambobi kuwa ana iya riƙe su a duba kafin a sake su.

Abu na biyu daga nan ya samo asali, wato limita ta dijital mai hangen gaba. Limita na'ura ce da ke danne sauti in ya yi yawa. Ta dā sai ƙarar ta iso take farga, kafin ta danne wani abu ya riga ya wuce. Sabuwar kuwa tana jinkirta sautin da ɗan ƙanƙanin yanki na daƙiƙa, ta hango bugun gangar kafin ya iso, ta sauke shi daidai bakin rufi. Da zarar an sauke ƙololuwa da desibel 6, ana iya ɗaga waƙar gaba ɗayanta da desibel 6 ba tare da an datse komai ba. Ga mai amfani da ita da hankali kayan aiki ce mai kyau. Amma yanzu babu allurar da za ta yi tsalle, injiniyan aikin ƙarshe kuma ya rasa hujjarsa ta cewa a'a.

Me ya sa kowa ya ruga? Kunnen ɗan Adam ne. Tun 1933 binciken Fletcher da Munson ya nuna cewa in sauti ya ƙaru, kunne ya fi jin kauri da siraran sautuka. A kunna wa mutum waƙa ɗaya sau biyu, a ɗan ƙara wa ɗaya ƙarfi, galibi zai ce ita ta fi kyau, bai ma san ƙarfi kawai aka ƙara ba. A zamanin kuma na'urorin CD masu ɗaukar faifai da yawa sun yaɗu, daga baya aka shiga jera waƙoƙi barkatai a kwamfuta da aljihu, sai waƙar wannan ta bi bayan ta wancan kai tsaye. Babu mawaƙin da ke son tasa ta zo kamar mai raɗa. Ba wanda ya kafa doka, ba taron da aka yi. Kowa ya ɗan wuce na kusa da shi, shekara bayan shekara, har aka wayi gari a shekarun 2000 waƙoƙi da yawa sun takure cikin desibel kaɗan a ƙarƙashin rufi, filin nan na 96 yana zaman banza.

Yawan layuka ya ƙara wa abin nauyi. Mai layi 24 dole ya zaɓi abin da zai shiga. Mai kwamfuta ba ya ƙare layi, kuma kowane layi ana iya matse shi shi kaɗai, wato a rage tazarar da ke tsakanin ƙarfinsa da taushinsa, kafin a haɗa, a sake matse haɗin, a kawo limita a ƙarshe. Sakamakon ana jinsa ko ba a san sunansa ba: amshi ya zo amma bai ɗaga ba domin baitin da ya gabace shi ya riga ya kai rufi, ganga ta rasa duka, kunne ya gaji tun kafin faifai ya kai rabi. Wannan ne ya fi ɓata mini rai a tarihin nan, domin mawaƙin ya rera da tashi da sauka, makaɗin ya buga da ƙarfi da taushi, kuma duk an naɗa.

MP3 ya iso hannun jama'a ne daidai wannan lokaci, shi ya sa laifin ya hau kansa. Ba a wanke shi tas ba: a kilobit 128, musamman da manhajojin farko, siraran sautuka kan yi ruwa-ruwa. Kuma waƙar da aka manne ta da rufi, in aka mayar da ita MP3, ƙololuwarta kan haura rufin wajen kunnawa ta datse. Amma gardama ake a kan tulu, alhali ruwan tun daga rijiya ya gurɓata. FLAC zai kawo maka matsattsiyar waƙa yadda take, ba ragi ba ƙari.

Akwai shaida a kan haka. Faifan SACD ya fito a 1999, faifan DVD-Audio ya biyo baya, dukansu da alkawarin wuce CD. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, inda suka sauke sautin irin waɗannan faifai zuwa matakin CD, masu sauraro kuma suka kasa tantance wanne ne wanne fiye da yadda dace zai bayar. An soki tsarin gwajin, wasu nazarce-nazarce na baya sun nuna ɗan bambanci ga kunnen da aka horar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da su biyun suka lura da shi a gefe: faifan sun fi yawancin CD daɗin ji, domin an yi musu aikin ƙarshe da sassauci, an bar musu tashi da saukarsu.

Wani ruɗanin kuma daga haɗa buƙatar mai naɗa da ta mai sauraro yake. Mai naɗa yana buƙatar bit 24, domin bai san ƙarfin da mawaƙi zai saki ba, dole ya bar sarari mai yawa, kuma sautin zai bi ta gyare-gyare da dama. Bai kamata ya naɗa ko ya haɗa da MP3 ba, WAV, fayil ɗin da ke ajiye sauti ba ragi, shi ne wurinsa. Mai sauraro kuwa aikin gama-gari ake miƙa masa, bit 16 sun ishe shi, AAC, ɗan uwan MP3, mai kilobit 256 ma ba kowa ke bambance shi da CD ba. In ta Bluetooth yake ji, galibi an sake rage fayil ɗin a hanya, irin ragin MP3, kafin ya isa kunne.

Gyaran da aka samu ma ba daga sabon tsarin fayil ya zo ba, daga ma'auni ya zo. A 2006 hukumar sadarwa ta duniya ITU ta fitar da hanyar auna ƙarfin sauti yadda kunne ke jinsa, a 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta kafa ƙa'idar R128 a kanta. Manhajojin sauraron waƙa sun bi sahu, Spotify alal misali yana daidaita waƙoƙi kusa da 14 ƙasa da sifili a wannan ma'auni da ake kira LUFS. Waƙar da aka matse sai a rage mata murya ta yi daidai da sauran, ribar matsewar ta tafi, asarar ta rage. Duk da haka al'adar ba ta mutu ba, mai sauraro na iya kashe daidaitawar, kuma waƙoƙin da aka riga aka matse suna nan yadda suke, har da tsofaffin da aka sake fitarwa da ƙarin ƙarfi. Ba a iya warware matsewa daga fayil ɗin ƙarshe. Sai an koma ga haɗin da bai bi ta limita ba, ko ga layukan asali, da yawa daga cikinsu kuwa suna kan kaset ɗin S-VHS da an daina ƙera na'urorin karanta su, ko cikin fayilolin tsofaffin manhajoji da kwamfutar yau ba lallai ta buɗe su ba.