Ba Disney ne ya fara katun mai kala ba

An daɗe ana cewa Flowers and Trees, wanda Walt Disney ya fitar a 1932, shi ne katun na farko mai kala. Ba haka abin yake ba.

Tun a 1911 Winsor McCay ya bi fim ɗinsa Little Nemo hoto bayan hoto yana shafa launi da hannu, aikin da sai mai haƙurin masaƙi. A 1920 kamfanin Bray ya fitar da The Debut of Thomas Cat mai kala. Sannan a 1930 Ub Iwerks, wanda ya zana Mickey Mouse kafin su raba gari da Disney, ya yi Fiddlesticks, da kala da sauti.

To me ya jawo ruɗanin? Tsoffin hanyoyin ɗaukar fim mai kala launi biyu kawai suke kamawa, ja-ja da kore-kore. Sararin sama sai ya fito kamar ruwan kududdufi, shuɗi na gaske babu. Kamfanin Technicolor, mai fasahar sa wa fim kala, ya zo da hanya mai launi uku, Disney kuwa ya riga kowa kama ta. Har an fara Flowers and Trees a baƙi da fari, ya sa aka watsar aka sake, duk da ƙorafin yayansa Roy kan kuɗi. Fim ɗin ya ci lambar yabo ta Oscar.

Wayon Disney ma bai tsaya nan ba: ya ƙulla yarjejeniya da Technicolor cewa shi kaɗai zai yi katun da launi ukun, masu katun irin su Fleischer suka ci gaba da fama da launi biyu har 1935.