Þrestir (fim na 2015)

Þrestir fim ne na ƙasar Ayislan da aka yi shi da harshen ƙasar, ya fito a shekarar 2015. Rúnar Rúnarsson ne ya rubuta labarin, shi ne kuma ya ba da umarni. A kasuwannin waje an fi saninsa da sunan Sparrows, wato gwarare, duk da cewa kalmar Þrestir a harshen Ayislan wani jinsin tsuntsu mai waƙa take nufi, ba gwara ba. Tsawonsa minti 99 ne, kuma an shirya shi da haɗin gwiwar kamfanonin Ayislan da Denmak da Kuroshiya.

Labari

Ari yaro ne ɗan shekara 16 da ke zaune da mahaifiyarsa a Reykjavík, babban birnin ƙasar, yana rera waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci. Da uwar ta tashi komawa Afirka tare da sabon mijinta, sai ta tura shi wurin mahaifinsa Gunnar, a wani ƙauyen masunta da ke yankin Vestfirðir a arewa maso yammacin ƙasar. Rabon Ari da garin an yi shekaru. Ya tarar da uban ya zama mashayi, dukiya ta ƙare, gidan kullum cike da abokan shaye-shaye da hayaniya har tsakar dare.

Ba a ganin wani babban faɗa guda da ya raba su. Abin da ke tsakaninsu shiru ne: suna cin abinci a teburi ɗaya, kowa idonsa a kwanonsa. Gunnar yana son ɗansa, amma bai san ta inda zai fara ba, sai ya nemo masa aiki a masana'antar sarrafa kifi, ya kuma kai shi farauta, wai ko zai zama namiji irin na garin. Wurin da yaron ke samun sanyi shi ne gidan kakarsa ta wajen uba. Da ta rasu, sai ya zama ba shi da inuwa. A wani wuri a fim ɗin ya shiga wani tsohon tankin ƙarfe da ba kowa, ya ɗaga murya yana waƙa, amon yana dawo masa daga bango; nan ne kaɗai a garin muryarsa ta sami gurbi.

Ƙarshen labarin yana da nauyi. A wani taron shaye-shaye aka ci zarafin Lára, ƙawarsa ta yarinta, tana cikin maye ba ta san inda kanta yake ba. Ari ya ga abin, ya zaɓi ya ɓoye mata gaskiya don kada ta ɗauki wannan nauyi. Daga nan ya koma gida, ya kwanta a gefen mahaifinsa da ke barci.

'Yan wasa da ma'aikata

Atli Óskar Fjalarsson ne ya fito a matsayin Ari, Ingvar Eggert Sigurðsson kuma Gunnar. Kristbjörg Kjeld ce kaka, Rakel Björk Björnsdóttir ce Lára. Rade Šerbedžija ya taka wata 'yar rawa. Sophia Olsson ta ɗauki hoto, Kjartan Sveinsson, ɗan ƙungiyar mawaƙan Ayislan mai suna Sigur Rós, ya tsara kiɗan.

Tun a 2008 Rúnarsson ya yi aiki da Atli Óskar a wani gajeren fim mai suna Smáfuglar, wanda ya shiga gasar bikin finafinai na Cannes a Faransa, kuma ƙarshen Þrestir daga can ya samo tushe. Fim ɗinsa dogo na farko, Eldfjall na 2011, shi ma batun dattijon da ya yi nisa da 'ya'yansa ne.

Wurin ɗauka

An ɗauki mafi yawan fim ɗin a Flateyri, ƙaramin gari a gindin duwatsu, inda zaftarewar dusar ƙanƙara ta hallaka mutum 20 a 1995. Irin waɗannan garuruwa sun daɗe suna raguwa, musamman bayan da aka ba da damar sayar da kason kamun kifi daga 1990, jiragen ruwa da ayyuka suka koma manyan tashoshi. Talaucin Gunnar ba daga giya kaɗai ya fito ba. An kuma yi ɗaukan ne a lokacin zafi, lokacin da rana kusan ba ta faɗuwa a can, shi ya sa har abin da ya faru da tsakar dare ana ganinsa tas cikin haske.

Lambobin yabo

An fara nuna fim ɗin a bikin finafinai na Toronto a Kanada cikin Satumba 2015. A watan ne kuma ya lashe babbar kyautar bikin San Sebastián na Sifen. Ayislan ta tura shi takarar Oscar karo na 89 a rukunin finafinan harsunan waje, amma bai shiga jerin ƙarshe ba.