Kyamarar Sheƙar Mikiya Mai Farin Kai

Kyamarar sheƙar mikiya ƙaramar na'urar ɗaukar hoto ce da ake ɗaurewa a reshen bishiya dab da sheƙar mikiya mai farin kai, tana watsa duk abin da ke gudana a cikin sheƙar kai tsaye ta intanet, dare da rana. Galibin irin waɗannan kyamarori suna Amurka da Kanada, domin a nahiyar Amurka ta Arewa kaɗai wannan tsuntsuwa take rayuwa. Ƙungiyoyin kare namun daji da 'yan sa-kai ne suka fi gudanar da su, kallo kuma kyauta ne, yawanci a YouTube. Tsuntsayen ba na gidan zu ba ne. Babu mai ba su abinci, babu mai kare su daga sanyi, kuma ba su san ana kallon su ba.

Tsuntsuwar

Sunanta na kimiyya Haliaeetus leucocephalus. Kanta da jelarta farare ne, jikinta ruwan ƙasa mai duhu, bakinta da ƙafafunta rawaya. Idan ta buɗe fukafukai, faɗinsu kan kai mita 2, wani lokaci ya zarce. Macen ta fi namijin girma da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma da wannan ne mai kallo yake fara bambance su. Farin kan ba ya cika sai tsuntsuwa ta kai shekara 4 zuwa 5. Kifi ne babban abincinta, shi ya sa ba ta yin sheƙa nesa da ruwa, amma tana kama tsuntsayen ruwa da ƙananan dabbobi, tana kuma cin mushe. Tana da 'yar'uwa a nahiyarmu, wato mikiyar kifi ta Afirka mai farin kai da farin ƙirji, wadda ake gani a bakin manyan koguna da tafkuna.

Tun 1782 hotonta yake kan hatimin gwamnatin Amurka, amma sai a watan Disamba na 2024 doka ta ayyana ta a matsayin tsuntsuwar ƙasa. A tsakanin waɗannan shekaru ta kusa ƙarewa. Harbi da sare dazuzzuka sun rage ta, sannan maganin ƙwari na DDT ya shiga ruwa, ya shiga kifi, ya sa ɓawon ƙwanta ya yi rauni har yakan fashe a ƙarƙashin uwar. A 1963 ma'aurata 417 kacal aka ƙirga a jihohi 48 da ke haɗe da juna. An hana amfani da DDT a 1972, an cire mikiyar daga jerin halittun da ke cikin haɗari a 2007, kuma ƙididdigar da hukumar kifi da namun daji ta ƙasar ta fitar a 2021 ta nuna tsuntsaye kusan 316,700 a waɗannan jihohi. Dattijon da ya taso bai taɓa ganin mikiya a sararin garinsu ba, yau yana iya leƙa cikin sheƙarta daga wayar hannu. Wannan tarihi yana cikin abin da ya sa Amurkawa suke riƙe kyamarorin da muhimmanci.

Yadda ake kafa ta

Ba a hawa bishiyar sai bayan 'ya'ya sun tashi, sheƙa ta zama fayau, domin dokar 1940 da ke kare mikiya ta hana damun tsuntsayen a sheƙarsu. Duk gyaran da za a yi, a wannan tsakani ake yin sa. Idan kyamara ta lalace ana tsakiyar kwanci, ko ɗan tsako ya yi kashi ya rufe gilashinta, to sai haƙuri har ruwan sama ya wanke ko shekara ta zagayo. A wuraren da babu lantarki, hasken rana ake amfani da shi. Da dare kuwa akwai wani haske da idon mutum da na tsuntsun ba sa gani, amma kyamara tana gani, shi ya sa hoton dare yake fitowa fari da baƙi.

Wata sheƙa a tsibirin Hornby na yammacin Kanada ta ja hankalin jama'a a 2006. A 2011 sheƙar garin Decorah da ke jihar Ayowa, wadda ƙungiyar Raptor Resource Project take kula da kyamararta, ta samu miliyoyin masu kallo, daga nan abin ya bazu. Wata a North Fort Myers, kudu maso yammacin Filorida, ta fara watsawa a 2012.

Sheƙar Big Bear

Wadda ta fi suna a 'yan shekarun nan tana kwarin Big Bear, cikin dajin gwamnati na San Bernardino a kudancin Kalifoniya. Sheƙar tana kan wata doguwar bishiyar fayin, kusan mita 44 daga ƙasa, tana fuskantar wani tafki da ke kan duwatsu sama da mita 2,000 daga matakin teku. Ƙungiyar Friends of Big Bear Valley ce ta sa kyamarar a 2015. Macen ana kiran ta Jackie, namijin Shadow, wanda ya ɓullo a 2018 ya maye gurbin mijinta na farko. Hukumar gandun daji tana rufe hanyoyin da ke kewaye da bishiyar duk lokacin kwanci. Agogon Kalifoniya yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 9 a lokacin sanyi, awa 8 kuma daga tsakiyar Maris, saboda haka wayewar garin sheƙar takan zo daidai da tsakanin azahar da la'asar a Kano ko Damagaram.

Aikin shekara yana farawa ne tun kafin sanyi ya kankama, da kawo itace. Mikiya ba ta sabuwar sheƙa kowace shekara, ƙari take yi a kan tsohuwa, har takan zama gingimemiya. Wadda aka auna a St. Petersburg ta Filorida a 1963 ta kai faɗin mita 2.9 da zurfin mita 6. A Big Bear sai ka ga Shadow ya sauko da reshen da ya fi shi tsawo, ya yi ta juya shi yana neman inda zai soka, wani lokaci ya ɗora shi a bayan Jackie tana kwance. Ta tashi ta ja reshen zuwa wani gefe, ya dawo da shi inda yake so. Tsakiyar sheƙar kuma su shimfiɗa ta da ciyawa mai laushi, su yi ɗan rami kamar akushi.

Jackie takan yi ƙwai a watan Janairu, tsakanin ɗaya da na gaba kwana 3. Mikiya tana yin ƙwai 1 zuwa 3, biyu aka fi gani. Kwanci kusan kwana 35 ne, a Big Bear yakan ɗara haka da 'yan kwanaki. Duka iyayen suna kwanciya, kuma akwai wani wuri a ƙirjinsu da gashi yake zubewa don fata mai ɗumi ta taɓa ƙwan. A nan kyamara take nuna abin da mai tsaye a ƙasa da madubin hangen nesa ba zai taɓa gani ba. Tsuntsuwar da faratanta ke huda bayan kifi, idan ta doshi ƙwai sai ta dunƙule ƙafafunta, ta taka a hankali kamar mai tsoron tayar da jariri. Ta sunkuya ta juya ƙwan da gefen baki, ta durƙusa a kansa, ta karkaɗa jiki dama da hagu har ya zauna daidai, sannan ta jawo ciyawa ta tare iska. Haka ake yi sau da yawa kowace rana, sama da wata guda.

Yawancin lokacin kallo ke nan: tsuntsuwa a kwance, iska tana kaɗa mata gashi. Amma wanda ya daure ya bi, zai fara gane halin kowanne. Shadow yana son kwanci, har yakan ƙi tashi idan Jackie ta dawo, sai ta tsaya a kansa tana kuka ko ta ɗan cije shi. Idan hadari ya taso kuwa, Jackie ba ta barin kowa ya karɓe ta, domin jikinta ya fi girma, ya fi rufe ƙwai. A farkon Fabrairu na 2024 ta kwana a kan ƙwai uku kusan awa 62 a jere, dusar ƙanƙara tana binne ta har sai kanta kaɗai ake gani, ta girgije, ta sake kwanciya. Ko ɗaya daga cikin ƙwai ukun bai ƙyanƙyashe ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a sheƙar. A 2019 sun ƙyanƙyashe biyu, ɗaya ya mutu bayan ruwan sama da sanyi sun jiƙa shi, ɗaya mai suna Simba ya tashi. Shekarun 2020 da 2021 sun wuce babu ɗa ko ɗaya, har hankaki suka fasa wasu ƙwai. A 2022 aka samu tsako ɗaya mai suna Spirit. A 2023 aka sake komawa hannu rabbana. Masana suna ambaton dalilai da dama: ƙwan da bai samu haɗuwar namiji ba, tsananin sanyi, da ƙarancin iskar shaƙa a kan tsauni. Iyayen kan ci gaba da kwanci makonni bayan lokaci ya wuce, sannan su riƙa barin ƙwan na ɗan lokaci, har su daina.

A 2025 Jackie ta yi ƙwai uku, duka suka ƙyanƙyashe a farkon Maris, dubun-dubatar mutane suna kallo a lokaci guda. Ƙyanƙyasa ba ta sauri. Ɗan tsako yana da wani ɗan tsini a kan bakinsa, da shi yake huda ɓawo, kuma daga hujin farko zuwa fitowa yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, iyayen ba sa fasa masa. Yana fitowa jiƙe, kansa yana rinjayar wuyansa. Uwar ta yage kifi ƙanana-ƙanana, ta karkatar da kai gefe, ta miƙa masa a baki. Babban yakan sassari ƙaramin don ya riga shi ci, abin da ke tayar wa sababbin masu kallo hankali, alhali ɗabi'ar tsuntsun ce, kuma takan lafa idan abinci ya wadata. A tsakiyar Maris aka yi dusar ƙanƙara mai yawa, da ta lafa sai aka ga biyu kawai suna ɗaga kai. 'Yan makarantar firamare na yankin suka zaɓa wa biyun sunaye, Sunny da Gizmo, wanda ya mutu kuma aka sa masa Misty.

Dokar rashin sa hannu

A nan ne ake samun saɓani tsakanin masu kallo da masu kyamara. Duk lokacin da ɗan tsako ya shiga wahala, saƙonni kan yi ta kwarara ana roƙon a hau a ceto shi. Amsar da aka saba bayarwa ita ce, sheƙar daji ce, doka ba ta yarda a hau ba sai da izinin hukuma, kuma izinin an fi bayar da shi idan ɗan Adam ne ya jawo matsalar, misali zaren kamun kifi ya naɗe ƙafar tsako. Akwai hikima a wannan matsayi. Mutumin da ya hau bishiya zai iya korar iyayen su bar sauran 'ya'yan cikin sanyi, ko ya firgita tsako ya faɗo. Duk da haka, tausayin masu kallo ba abin rainawa ba ne, domin shi ne yake sa su tara kuɗin gyaran kyamara, su kuma yi magana idan wani gini ko wasan tartsatsin wuta ya matso kusa da sheƙa.

Kyamarorin sun nuna mutuwa iri-iri. A sheƙar North Fort Myers ta Filorida uwar, mai suna Harriet, ta ɓace a Fabrairu na 2023, namijin ya ciyar da 'ya'ya biyu shi kaɗai har suka tashi. A Janairu na 2025 murar tsuntsaye ta kashe 'ya'ya biyu a wannan sheƙa. A Decorah wutar lantarki ta kashe wasu 'ya'yan da suka sauka a kan turakun lantarki, abin da ya sa aka sa wa wasu turakun yankin abin kariya daga wuta. Akwai kuma gubar dalma daga harsashin da ke cikin mushe: binciken da mujallar Science ta buga a 2022 ya samu alamun daɗaɗɗiyar gubar a jikin kusan rabin mikiyoyin da aka gwada.

Tashi

Tsako yana girma da sauri. Farin gashinsa mai laushi ya koma toka-toka, sannan baƙin gashi ya fito, kafin wata biyu da rabi ya kai iyayensa girma. Sai ya fara buga fukafukai yana tsalle a tsakiyar sheƙa, daga baya ya riƙa hawa rassan da ke kusa. Tashin farko yakan zo tsakanin mako 10 zuwa 14. Sunny ta bar reshe ranar 2 ga Yuni, 2025, tana da kwana 90, Gizmo ta biyo baya ranar 7. Sun ɗan yi makonni suna dawowa iyayen suna kawo musu kifi, sannan suka bar kwarin.

Daga nan kyamara ba ta da sauran labari a kansu, sai dai idan an sa wa tsuntsu zobe a ƙafa ko na'urar bin sawu. A Decorah an ɗaura wa wata 'yar 2011 mai lamba D1 irin wannan na'ura, aka ga tana tafiya arewa har gaɓar tekun Hudson Bay a Kanada da bazara, ta dawo Ayowa da sanyi. Shekarar farko ita ce mafi haɗari ga matashiyar mikiya, wadda ta tsallake ta kuma tana iya kaiwa shekara 20 ko fiye a daji. A Big Bear kyamara tana ci gaba da aiki a kan sheƙar da babu kowa, hankaka ya sauka ya tsinci ƙashin kifi, har zuwa kaka, lokacin da Jackie da Shadow suke dawowa da itace a ƙafa.