Me ake nufi da "topo", taswirar tudu da kwari?

In ka zauna da 'yan safiyo a Jos za ka ji suna cewa "topo". Taswira ce mai nuna siffar ƙasar kanta: ina tudu, ina kwari, ina ruwa ke bi idan an yi ruwan sama.

Aikin duk yana kan layukan nan masu ruwan ƙasa, masu lanƙwasa kamar zanen yatsa. Kowane layi ya bi wuraren da tsayinsu daga teku ɗaya ne. Duba wajen duwatsun Shere, da suka haura mita 1,800, za ka ga layukan sun matsu da juna, wato hawa ne mai wuya. Inda suka ware kuwa fili ne, ko jaki mai kaya ba zai yi haki ba.

Hukumar USGS mai binciken ƙasa ta Amurka, da aka kafa a 1879, ta fara zana irin wannan taswira a 1884, yanzu kuma ta zuba tsofaffin a intanet kyauta. Ni dai na fi son na hamadar Arizona da yammacin Texas, bakin iyakar Meziko, ƙasar masu garkunan shanu. Sai ka buɗe takarda guda babu gari ko ɗaya. Abin da ke ciki rijiya ce, tafkin da aka haƙa wa shanu, injin iska mai jan ruwa, gidan mai garke shi kaɗai a daji, sai layin shuɗi mai tsinke-tsinke, rafin da ba ya gudu sai da damina. Duk Bafulatanin da aka karanta wa ita zai gane tunanin mai zanen, domin mashaya ya fara nema.

A bakin iyaka tsohuwar taswira kan zama shaida. Kogin Rio Grande ne ya raba Texas da Meziko, kogi kuwa ba ya zama wuri guda. Kaurarsa ta jawo rikicin filin Chamizal tsakanin garin El Paso na Texas da Juarez na Meziko, wanda sai a 1963 aka sasanta, aka kuma yi wa kogin magudanar kankare.

Taswirorinmu na Nijeriya yawanci ma'aunin 1:50,000 ne, santimita 2 a takarda kilomita 1 ke nan a ƙasa, ofishin Babban Safiyo na Tarayya da ke Abuja ne ke kula da su. In ka samu wadda aka zana kafin 1976, sunan Abuja a kan Suleja ta yau za ka gan shi.