Waiwaye: Yadda Ostiriya ta san shekarun tsofaffinta

Tun daga 2018, lokacin da wasu masu bincike suka sa ayar tambaya kan shekarun Jeanne Calment, Bafaranshiyar da ta rasu a 1997 tana da shekara 122, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa yawancin masu dogon kwanan da ake yayatawa kuskuren takarda ne kawai. A 2024 har lambar Ig Nobel, wadda ake ba binciken da ke sa dariya sannan ya sa tunani, aka ba wani bincike da ya nuna cewa inda rajista ta fi rauni, nan ake yawan samun masu shekara 110. Ostiriya ba ta cika shiga wannan zargi ba, kuma dalilin ya girme mu duka.

A ƙasar ba a taɓa tabbatar da wanda ya kai 115 ba. Namijin da ya fi daɗewa shi ne masanin lissafi Leopold Vietoris: an haife shi a Radkersburg ranar 4 ga Yuni 1891, ya rasu a Innsbruck ranar 9 ga Afrilu 2002, saura kaɗan ya cika 111.

Abubuwan da suka tsawaita rayuwa sanannu ne: ruwan famfo daga tsaunuka zuwa babban birni a 1873, inshorar lafiyar ma'aikata a 1888, babbar dokar fansho da inshora ta 1955. Amma waɗannan ba su gaya mana yadda aka san shekarun mutum ba.

A ganinmu amsar tana cikin abin da ya faru a 1784. Cocin Katolika ta wajabta rubuta baftisma da aure tun 1563, sai dai kowane limamin coci da irin nasa rubutun. A Fabrairun 1784 Sarki Joseph na Biyu, mai mulkin Ostiriya, ya mai da littattafan nan na hukuma. Ya ce a raba su uku, haihuwa da aure da mutuwa, kowanne da layuka tsayayyu. Na haihuwa yana da rana, lambar gida, sunan jariri, addini, namiji ko mace, iyaye, da waɗanda suka tsaya masa wajen baftisma. Lambar gidan ba ƙaramin abu ba ce. An sa wa gidaje lamba tun 1770 don ɗaukar soja, kuma ita ce ke raba Mariya ta gida na 12 da Mariya ta gida na 40 a ƙauye ɗaya. Limamai suka riƙe aikin har zuwa 1939, sannan ofishin gwamnati ya karɓi rajistar haihuwa da mutuwa. Jihar Burgenland ce kaɗai ta riga, domin tana ƙarƙashin Hangari a 1895 lokacin da aka fara rajistar gwamnati a can.

Ga yadda ake tantancewa. A fara da shafin haihuwa, a bi zuwa na aure, wanda ke ɗauke da shekarun ango da amarya da sunayen iyayensu, sannan haihuwar 'ya'ya, sannan takardar mutuwa. Idan lissafi ya nuna mace ta haihu tana da shekara 55, akwai lauje cikin naɗi. Littafin haihuwa yana buɗewa ga jama'a bayan shekara 100, don haka mai da'awar 105 kowa na iya duba shafinsa, kuma da yawa an ɗora hotunansu a intanet.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne maimaita suna. Jariri ya rasu, bayan shekara uku a haifi wani a sa masa sunan, daga baya a ɗauko shafin marigayin a manna wa ƙanin. Maganinsa a karanta littafin mutuwa na shekarun da ke tsakani, shafi bayan shafi. Akan kuma ɗauki ranar baftisma a matsayin ranar haihuwa, amma wannan kwanaki kawai yake motsawa. Wanda aka haifa kafin 1918 a yankin da yanzu ya zama Cek ko Sulobeniya ko Italiya, sai an nemo littafinsa a can, sau da yawa sunan garin ma ya canza. Kiristoci 'yan Furotesta kuwa a littafin Katolika ake samun su har zuwa 1849, Yahudawa kuma al'ummarsu ce ke riƙe da nasu.